Ajiye agogon nan, kada ka goge shi

Kana tambayata ko ka goge tsohon agogon da aka kawo jiya, ka sake masa fuska tunda baƙinta ya koma ruwan ƙasa. Ajiye shi, yaro! Ku yaran yanzu, duk abin da ba ya ƙyalli a wurinku bola ne.

Ina da ƙuruciya wani ya kawo mini Rolex Submariner na mahaifinsa, mai lamba 5513, irin wanda aka fara ƙerawa a 1962. Rana ta gasa fuskar ta zama kamar shayi mai kauri, ɗigon da ke haske da dare ya koma ruwan madara. Wani dillali yana zaune a bencina kullum, muna cin abinci kwano ɗaya. Shi ya ce mini, "Malam, canja masa fuska, wannan ta mutu." Na sa sabuwa, na goge jikin agogon har kaifin gefensa ya tafi. Tsohuwar fuskar da hannayen na jefa a gwangwani, ya ce in ba shi, ya miƙo mini kuɗin goro. Bayan wata biyu ya bi mai agogon ya saye shi da arha, ya mayar da tsohuwar fuskar, ya kai Dubai. Da ya dawo, fili ya saya. Ya san abin da yake yi tun ranar farko, wallahi, kuma ya bar ni na lalata gadon marayu da hannuna. Har yau in na gan shi a masallaci sai na canja sahu.

Duba ƙasan fuskar, wajen ƙarfe shida. Ka ga harafin T kusa da SWISS? Alamar tiritiyam ke nan, sinadarin da ke sa ɗigon fuskar haske da dare. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk shekara 12, kuma Rolex ta daina sa shi wajen 1998. Wannan launin shekaru ne suka yi shi, shi masu tara agogo suke biya. Ƙarfen da ka goge kuwa ba ya dawowa.

Amma ka bambance tsufa da ɓarna. Launin da ya sauya bai ɗaya, dukiya ne. Tabon ruwa da tsatsar damina, asara ce.

Wanke inji da sa mai ba sai na koya maka ba. Yi wannan kaɗai, ka kawo mini in gani kafin ka rufe murfin.