Aikin na nan, makwancin ne ya yi wuya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ƙaninka na Maraɗi yana son tahowa Legas leburanci a wajen Lekki, ba shi da ko katin shaida, ko ya taho? Na haura shekara 20 a garin nan, rabinsu da kwanon kankare a kaina, bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Aiki akwai. Daga Ajah har Sangotedo ko'ina haƙa ake ana ɗora bulo, kuma 'yan kwangila sun fi son mutanen Nijar don ba sa raki. Amma akwai dalilin da ba a faɗa: wanda ba shi da takarda ba ya kai ƙara. Na yi aiki da wani yaro ɗan Tawa, wata 4 muna kwana a kangon da muke ginawa, buhun siminti ne katifarmu, bulo matashi. Ranar da aka gama fenti aka kafa ƙyaure, mai kwangilar ya hana shi kuɗin wata guda. Da ya matsa, sai ya ce zai kira masa jami'an shige da fice. Yaron nan ya tattara kayansa a leda, ko ruwa bai sha ba ya tafi. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Sannan ina zai kwana? Da, talaka na samun ɗakin katako kusa da wurin aiki. Unguwar Maroko da ke nan Legas haka take kafin a rushe ta a 1990, yanzu wurin sai masu hannu da shuni. Otodo Gbame ma an tashi mutanenta tsakanin 2016 da 2017. Unguwa na yin kyau haya ke tashi, ga kuɗin ejan, ga na shekara a dunƙule, sai ka ga wanda ya gina gidan ya koma can nesa, kuɗin mota na cinye rabin abin da ya samu. Gadin ma da muke faɗawa idan gini ya ƙare, sababbin rukunin gidaje sun koma ɗaukar kamfanonin tsaro masu kaki, su kuma sai da kati da mai tsaya maka. Acaɓa kuwa an hana ta a ƙaramar hukumar Eti-Osa, inda Ajah da Sangotedo suke, tun watan Yunin 2022.

Ni dai kada ya taho hannu rabbana. Ko yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba baƙo, shi ma da takardar tafiya, balle Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ya fara yin katinsa a gida. Idan ya iso ya sauka Agege ko Idi-Araba wurin dattawan garinsu, su haɗa shi da wanda suka sani, kuma ya yi jinga ta kullum, kada ya yarda da ta wata. In ka shirya turo shi ka yi mini magana, zan tarye shi a tasha in sha Allahu.