Likita, barci yake yi ko mutuwa? Tambayoyinku kan ƙwaya da hanyar rabuwa da ita

Saƙonnin da suka iso mini a wannan makon kusan duk a kan shaye-shaye suke, daga Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago. Ban yi mamaki ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka taɓa ƙwaya a cikin shekara guda, kuma Legas na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Na cire sunayen masu tambaya kamar yadda suka roƙa. Na fara da tambayar da jinkirinta ke kashe mutum.

Likita, mu shida ne a ɗaki ɗaya a Idi-Araba. Ɗayanmu yana haɗa tiramol da rochi. Ranar Asabar ya kwanta yana wani irin minshari, muka tashe shi ya ƙi tashi, muka ɗura masa madara muka ƙyale shi. Allah Ya sa ya farka da asuba. Ta yaya za mu bambance barci da haɗari?

Ɗan'uwa, ku gode wa Allah, domin abokinku ya leƙa kabari ya dawo. Wannan minsharin da kuka ji ba na gajiya ba ne, numfashi ne ke neman tsayawa. Tiramol da kodin 'yan gida ɗaya ne, kuma idan suka yi yawa sukan danne wurin da ke kula da numfashi a ƙwaƙwalwa. Rochi, wato Rohypnol, da diyazafam da giya su ma suna danne wurin. Idan aka haɗa su, nauyi biyu ke nan a kan wuya ɗaya.

Ga abin da za ku duba. Ku kira sunansa da ƙarfi, ku dunƙule hannu ku goga gaɓoɓin yatsu a ƙashin ƙirjinsa sosai. Mai barci zai zabura ya ture ku. Ku ɗaga fatar idonsa, in baƙin tsakiyar idon ya tsuke kamar kan allura, alama ce. Ku buɗe leɓensa ku duba ciki, ku duba farcensa: a fatarmu ba shuɗi ake gani ba, sai dai wurin ya koma toka-toka. Sannan ku sa ido a ƙirjinsa minti ɗaya ku ƙirga. Lafiyayyen babba yana numfashi sau 12 zuwa 20. In ya gaza goma, ko yana yi yana tsayawa, kada ku jira gari ya waye.

Mutum ɗaya ya kira layin gaggawa na 112 ko 767, wani ya fita neman Keke Marwa ko mota, domin kun san cunkoson garin nan, kuma ku da kuke Idi-Araba asibitin koyarwa na LUTH na bakin ƙofarku. In yana numfashi, ku kwantar da shi a gefensa, ku lanƙwasa gwiwar sama, ku ɗan ɗaga haɓarsa, yadda in ya yi amai zai zubo waje. In numfashin ya yi rauni ƙwarai, ku kwantar da shi rigingine, ku ɗaga haɓa, ku toshe hanci, ku hura masa iska a baki sau ɗaya duk daƙiƙa biyar. In babu numfashi gaba ɗaya, ku danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri ba tsayawa. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintuna.

Maganar madara kuwa, don Allah ku bar ta. Ba madara, ba manja, ba ruwan gishiri. Wanda ba ya hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin da kuka ɗura huhu zai tafi. Har yau ina tuna wani saurayi da aka kawo mini wajen ƙarfe uku na dare, rigarsa jiƙe da madarar gwangwani, abokansa huɗu suna tsaye ba takalmi. Allurar farko ta dawo da numfashinsa, amma madarar da ta shiga huhu ita ta kwantar da shi sama da mako. Su da suka ɗura masa ƙaunarsa suke yi, ba wanda ya taɓa koya musu ne.

Allurar nan sunanta naloksan. Tana ture tiramol da kodin daga inda suka maƙale, cikin mintuna kaɗan mutum ya ja numfashi. Aikinta bai wuce minti 30 zuwa 90 ba, ƙwayar kuma tana iya fin haka daɗewa a jiki, shi ya sa ba ma sakin mutum da zarar ya buɗe ido. Ku tafi da kwalin abin da ya sha, ku faɗi gaskiya, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Likita ba ɗan sanda ba ne, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa.

Ni ɗan dako ne a kasuwar Mile 12. Shekara uku ina shan tiramol mai 225 don in iya sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa. Da ɗaya nake sha, yanzu huɗu. Sau biyu na daina, sai zazzaɓi da gudawa su kama ni, in koma. Anya zan iya rabuwa da shi?

Za ka iya, ƙanena, kuma ba raggonci ne ya mayar da kai ba. Hamma, majina, zufa, ciwon ƙashi, gudawa, rashin barci da faɗuwar gaba, duk alamun jiki ne da ya saba da abu aka janye masa farat ɗaya. Sukan fara cikin yini guda, su tsananta a kwana na biyu da na uku, su lafa cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Yawancin mutane a kwana na uku suke sarewa, suna zaton haka za su dawwama.

Bari in nuna maka lissafin da ya tayar mini da hankali. A asibiti tiramol mai miligiram 50 ko 100 muke bayarwa, kuma ko mai tsananin ciwo ba ma wuce masa 400 a yini. Kai kana shan 900. Mai 225 ɗin nan ba ya cikin wanda hukuma ta amince a sayar, ta ɓarauniyar hanya yake shigowa, ba ka da tabbacin abin da ke cikinsa. A irin wannan yawan tiramol na kawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Ka yi tunanin ta kama ka da buhu a ka, a gefen tirela tana ja da baya.

Kada ka sake yankewa kai kaɗai a ɗaki. Ka je asibiti a tsara maka ragewa sannu a hankali, a ba ka maganin gudawa da na ciwon jiki da na barci na 'yan kwanaki. Ba lallai a kwantar da kai ba, da yawa suna zuwa ne suna komawa. In kuma kana haɗawa da rochi ko diyazafam ko giya, to wannan dole ne a gaban likita, domin yanke waɗannan kai tsaye yana iya jawo jijjiga har a rasa rai.

Akwai kuma abin da ƙwayar ke rufe maka: ciwon baya da gwiwa na gaske, da yunwa, da rashin barci. Wanda ya fara sauke kaya tun kafin asuba da shayi kawai a cikinsa dole jikinsa ya nemi agaji. A duba bayan naka. Ka yi magana da shugaban 'yan dakonku ya rage maka nauyi na mako biyu ko uku. Kuɗin da kake kai wa mai ƙwaya kullum ka mayar da shi kan abinci.

Likita, ɗana mai shekara 22 ya lalace da shan siraf da wiwi, har ya fara ɗaukar mini kaya yana sayarwa. 'Yan'uwa sun ce in tura shi gidan mari a Arewa a ɗaure shi ya shiryu. Ni uwa ce a Agege, zuciyata ta kasa.

Hajiya, zuciyarki ta faɗa miki gaskiya. Kada ki tura shi. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun buɗe wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Mari yana hana ƙafa tafiya wurin mai sayarwa, amma ba ya taɓa abin da ya kai yaro can. Na ga waɗanda suka dawo daga irin wuraren nan, sun dawo da tsoro da ƙiyayyar iyayensu, suka koma sha fiye da da. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba irin ɗanki haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Ba sai kin yi nisa ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Yaba yana da sashen masu fama da shaye-shaye, kuma akwai likitocin wannan fanni a asibitin koyarwa na jihar Legas, LASUTH, da ke Ikeja, kusa da ke. Na san mutanen Legas sun mayar da sunan Yaba abin tsokana, kamar duk wanda ya shiga mahaukaci ne. Wannan tsokanar ta hana iyalai da yawa samun magani, kuma tana ba ni haushi. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ma tana da layin neman shawara kyauta, 0800 1020 3040.

A asibiti za a fara duba ko akwai wani ciwo a ƙarƙashi, domin sau da yawa damuwa ce ko ƙuncin rai ke tura yaro. Bayan cire ƙwayar daga jiki sai zaman tattaunawa da ƙwararru, wanda shi ne ainihin maganin, kuma yana ɗaukar watanni. Addu'a da ruƙiyya ba su saɓa wa wannan ba, ki ci gaba da su, bakin uwa ba wasa ba ne.

A gida kuma, ki same shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba a gaban ƙannensa ba. Ki faɗa masa abin da idonki ya gani da tsoron da kike ji. Ki kulle kayanki, ki daina ba shi tsabar kuɗi, amma kada ki hana shi abinci, kada ki kore shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka kora a Legas ƙarƙashin gada zai kwana, kuma can masu sayarwa suke.

Na tsinci kwalaben maganin tari guda tara a bayan akwatin matata. Tun da ta yi ɓari ta canza. In mayar da ita gidansu?

A'a, Malam. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun Mayun 2018, amma bai ɓace daga unguwanni ba, kuma binciken da na ambata ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya ɗaya mace ce. Matan dai sun fi ɓoyewa. Kai da bakinka ka faɗi mafarin abin: ɓari. Baƙin cikin rasa ciki ciwo ne mai magani. Ka zauna da ita ku biyu, ka rufa mata asiri, ka raka ta wurin likita, in ta fi sakewa da mace a nema mata mace.

Ƙanena ya yi wata biyar bai sha ba, da ya je gida Sallah ya haɗu da tsofaffin abokai ya koma. Babanmu ya ce ya cire hannu. Ni sakataren kwamitin masallacinmu ne a Alaba Rago, kuma irinsa suna da yawa. Me za mu iya yi?

Ka fara da gaya wa ƙanenka wannan yau ɗin nan: bayan wata biyar jikinsa ya manta da ƙwayar. Adadin da yake sha da ba tare da ya ji komai ba, yanzu yana iya tsayar masa da numfashi. Shi ya sa waɗanda suka fito daga asibiti ko gidan yari, ko suka daina saboda azumi, suka fi kowa shiga haɗari a makonnin farko. Kada ya sha shi kaɗai a rufaffen ɗaki, kada ya haɗa da wani abu, ya koma wurin likitansa cikin makon nan.

Ka kuma roƙi Baba ya sassauta. Komawa ba baƙon abu ba ne a wannan ciwo, kamar yadda mai hawan jini kan sha magani jinin ya sauka, ya yi sakaci ya sake hawa, ba wanda ke cewa an cire hannu. Wata biyar ɗin ba ta tafi a banza ba, ya riga ya san hanya. An taɓa kawo wa Annabi (SAW) wanda ya sha giya, wani ya yi masa mugun baki, sai ya hana, ya ce kada a taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwa.

Ku kuma a kwamiti, wa'azi kaɗai ba zai isa ba, domin mai shan ya fi kowa sanin haramun ne. Ku ware wuri da lokaci, ko bayan Isha'i sau ɗaya a mako, inda masu ƙoƙarin dainawa za su zauna su kaɗai da wani da ya riga su fita, da sharaɗin abin da aka faɗa a nan ba ya fita. Ku nemi 'yan kasuwa uku ko huɗu da za su yarda su ɗauki yaron da ya dawo daga magani, domin zaman banza da rana tsaka shi ke mayar da su. Ku haɗa ɗan asusun kuɗin mota da na kati, don na sha ganin wanda ya fasa zuwa asibiti saboda kuɗin danfo. Ku sanar da fadar Sarkin Hausawan yankinku domin abin ya samu gindin zama.

Sannan ku gayyaci wani nas ko likita ranar wata Juma'a, a shimfiɗa tabarma a harabar masallaci, mutum ɗaya ya kwanta, kowa ya gwada juya shi a gefe da hannunsa, ya gwada ƙirga numfashi. Ku kira masu shayi da masu gadi musamman, domin su ne ke farke a lokacin da ake tsintar yaran nan.