Shōgun: wanne zan fara kallo, kuma tarihi ne na gaskiya?

Malam, Shōgun shirin talabijin ne da aka yi sau biyu, a 1980 da 2024; ka fara da na 2024, kashi 10 ne. Amma ka tabbata akwai rubutun fassara a ƙasa, domin yawancin maganar da Japananci ake yi. Na 1980 kuwa da gangan aka bar Japanancin babu fassara, don ka ɗanɗani ruɗewar Blackthorne, baƙon Bature da ke cikin labarin.

Batun tarihi, James Clavell ya sauya sunaye a littafinsa na 1975, wanda aka ɗauko shirin daga cikinsa. Toranaga na labarin shi ne Tokugawa Ieyasu, wanda ya zama shōgun, wato shugaban soja mai mulkin Japan, Blackthorne kuma William Adams, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila da ya isa Japan a 1600. Soyayyar Blackthorne da Mariko, mai yi masa tafinta, ƙirƙira ce kawai. Abin da ke rikita mutane: Turancin da kake ji, a labarin yaren Fotugal ne.