Na haɗa tebur da kanta a gida, yanzu wasu na so in yi musu: nawa zan ce?

Wani ɗan kasuwa mai shagon littattafai da kayan rubutu ya aiko da tambaya: "Na sayi filaiwud na haɗa wa kaina teburin aiki da kanta a gida. Mutum biyu sun gani sun ce in yi musu irinsa. Ban san yadda zan yanke farashi ba, kuma ina tunanin ɗibar kuɗi daga jarin shago in sayi injin yanka katako. Wace shawara za ka ba ni?"

Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a wannan hannu naka. Amma jarin shago kada ka taɓa shi tukuna. Mutum biyu da suka yaba aiki ba su zama kasuwa ba, sai ranar da suka ajiye kuɗi. Zan dawo kan maganar injin, bari mu fara da farashi, don a nan sababbin masu sana'a suke yin asara ba su sani ba.

Filaiwud da falle ake sayar da shi, kuma fallen da aka saba gani ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. Duk lissafinka a kan wannan fallen zai tsaya. Ga misali. In faɗin kanta santimita 30 ne, falle ɗaya zai ba ka dogayen yanka huɗu, ko da ka cire abin da bakin zarto yake cinyewa, kamar milimita 3 a kowane yanka. To a ce mai aiki ya nace sai 31. Huɗu sau 31 ya kama 124, ya wuce faɗin fallen, sai ka tashi da uku kawai. Santimita ɗaya tak ta raba ka da kanta guda, kuma wataƙila ta sa ka sayo falle na biyu. Saboda haka kafin ka faɗi farashi, zana fallen a takarda ka jera duk guntayen da aikin yake bukata a kai. In aikin ya ci falle ɗaya da rabi, mai aiki kuɗin biyu zai biya, domin kai ma da wuya a sayar maka da rabi. Guntun da ya rage in ya shiga wani aikin, wannan rabonka ne.

Kada ka nemi riba ta hanyar rage kauri. Saman tebur da kantar da za ta ɗauki littattafai suna son milimita 18, bayan kanta kuwa milimita 6 ya isa. Ko da mai kaurin 18 ne, in tazarar kanta ta haura kamar santimita 80 ba matokari a tsakiya, a hankali za ta lanƙwasa, kai da ke sayar da littattafai ka fi kowa sanin nauyinsu. Aikin da aka dawo maka da shi gyara ya cinye ribarsa da ta wani aikin. Doguwar kanta kuma a ɗaure ta a bango, musamman a gidan da ke da yara. Wannan ka sa shi cikin farashi, kada ka bari ya zama zaɓi.

Sai ƙananan abubuwa: gam, sukuru, samfefa, tef ɗin rufe bakin katako, fenti, kuɗin ɗauko kaya da na kai wa mai shi. Rubuta kowanne. Ni ina ba da shawarar a ɗora kashi 10 cikin 100 a kan jimillar kayan saboda kuskuren yanka, don kana koyo ne, kuma za ka yi shi.

Abin da na fi jiye maka shi ne lokacinka. Teburin gidanka ka yi shi da marmari, ba ka ƙirga awanni ba. Na mutane sai ka ƙirga. Duba littafin shagonka ka ga ribar da kake samu a yini, ka raba ta da awannin da kake zama, shi ne mafi ƙarancin ladan awarka. Ka haɗa kaya da lada, sannan ka ɗora riba a sama. In farashin da ya fito ya zarce na ƙwararren kafinta nesa ba kusa ba, lissafin ya faɗa maka gaskiya: shagonka ya fi biyan ka, aikin katako ya tsaya a na gida.

In kuwa lissafin ya yi, karɓi kafin alƙalami wanda zai sayi kayan aikin gaba ɗaya, ku rubuta awo a takarda kowa ya riƙe kwafi. Tsayin tebur yawanci santimita 73 zuwa 75 ne, amma ka sa mai shi ya zauna a kujerarsa ku gwada, domin abin da aka yanka wa mutum ɗaya da wuya wani ya saye shi.

Maganar inji kuma, kai fallenka wurin masu injin yanka da takardar awonka, ka biya ladan yanka, ka sa shi cikin farashi. Buɗe wa wannan sana'a littafinta daban da na shago. In ka kammala aiki biyar ko shida, ka tara abin da ka biya masu yanka ka gwada shi da kuɗin injin. In ribar da ke littafin ta isa, ka saya daga cikinta.