Askar da ke jan gashi

Jiya muna rufe rumfa ka tambaye ni dalilin da ya sa askarka take share gashin hannunka sumul, amma da ka ɗora ta a kan mutum sai ta riƙa ja, har ka ga yana ɗaure fuska. Ka ce ko ka tara kuɗi ka sayi dutsen wasi na waje, irin wanda ka gani a waya. Na ce ka bar mini ita ta kwana. Na duba ta da kyau, yanzu zauna ka ji.

Ɗana, adana kuɗinka tukuna. Ungo, juya bakinta sama, ka karkata ta wajen rana. Ka ga wani ɗan ƙyalli siriri daga tsakiya zuwa kusa da ƙota? Baki mai kaifi ba ya ƙyalli, don ba shi da faɗin da haske zai sauka a kai. Duk inda ka ga ya haska, fuskokin ƙarfen biyu ba su haɗu ba. Goshin askar ne kawai ya yi kaifi, kuma da shi kake gwaji a hannunka. Gashin hannu kuwa laushi gare shi, ko askar da ta fara dakushewa tana iya kwashe shi. Gashin kan mutanenmu a murɗe yake, ga tauri, balle gemun dattijo. Da aka ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, mu wanzamai mun san a nan ne da ƙeya asirin aska yake tonuwa.

Na lura da kai kana wasi. Kana ɗaga bayanta kamar yadda mahautan kasuwar Kejetia ta nan Kumasi suke wasa wuƙa. Wuƙa daban, wannan daban. Irin wannan mai naɗewa da ake ƙerawa a Solingen ta Jamus, ko wadda aka ƙera a Sheffield ta Ingila a da, an auna kaurin bayanta da faɗinta tun daga masana'anta, ta yadda in ka kwantar da ita baya da baki duka suna taɓa dutse, karkatar bakin za ta fito da kanta, kusan digiri 16 in an haɗa fuska biyu. Kai kuma sai ka ɗaga a wannan jan, ka sauke a na gaba, bakin ya zama kumburarre. Kwantar da ita. Tura ta baki na gaba, kamar za ka yanko wa dutsen fata siririya, kana ɗan jawo ta a karkace don ta ci tun daga gindi har goshi. In ka kai ƙarshe, mirgina ta ta kan bayanta ka dawo. Kada ka taɓa juya ta ta kan baki, juyi ɗaya ya isa ya rushe aikin rabin awa.

Sai dutsen naka. Na ɗora gilashin taga a kansa, na hango haske ta ƙarƙashi a tsakiya. Ya yi kwari kamar tsohon dutsen niƙa. Ko hannun waye, ba zai fitar da baki miƙaƙƙe a kan wannan ba. Zana masa layuka da fensir, tsaye da kwance, ka jiƙa samfefa mai jure ruwa ka shimfiɗa a kan gilashi, ka kife dutsen ka yi ta gogawa har layin ƙarshe ya ɓace. Ka kuma kashe kaifin gefunansa kaɗan, don kada su ƙwarzane maka baki.

Lambobin da ake rubutawa a jikin duwatsun zamani suna faɗin girman tsakuwarsu ne: lamba na hawa, dutse na ƙara laushi. Mai 1000 shi ne mai kafa baki, wato haɗa fuskokin ƙarfen biyu, kuma a kansa kusan dukkan aikin yake. Mai 4000 yana goge zanen da na farko ya bari, mai 8000 yana sulɓe shi har ka ga fuskarka. Yara suna gaggawar hawa mai laushi saboda sheƙi yana burge ido, alhali dutse mai laushi ba ya haɗa bakin da bai haɗu ba, sai dai ya sa masa ƙyalli. Ga dabarar da za ta nuna maka gaskiya. Samo alƙalami mai baƙar tawada, irin wanda ake rubutu da shi a jikin kwali, ka shafe bakin ta fuska biyu. Yi ja uku ko huɗu. Inda tawada ta rage, nan ne dutse bai taɓa ba. Ba za ka sauka daga mai 1000 ba sai ta fita tas, kuma askar tana kama farcen babban yatsa jiƙaƙƙe tun daga gindi har goshi ba ta zamewa. Wannan gwajin farce a nan kaɗai ake yin sa, in ka wuce gaba ɓata baki yake.

Wanda ka gani a waya mai ruwan ɗorawa, na Beljiyam ne, daga wajen Vielsalm ake haƙo shi, kuma dutse ne na ƙwarai. Na Arkansas ta Amurka da mai ake aiki da shi, na Japan da ruwa, kuma in ka zuba wa na ruwa mai ka toshe shi ke nan. Lokacinsu zai zo. A hannunka na yau, abin da wannan ya ba ka shi za su ba ka.

Abin da ya fi damuna shi ne nauyin hannunka. Cikin askar nan a rarake yake, bakin ya kusa takarda siranta, in ka danna sai ya lanƙwashe ya ɗago daga dutse, ƙarfe ya riƙa ci ta baya. A farkon kafa baki ana ɗan dannawa, amma kana matsowa kana sassautawa, har ya zama nauyin askar ne kaɗai yake aiki. Dubi ruwan da ke kan dutse. In yana haurowa kan askar daidai tun daga gindi har goshi, kana kan hanya. Ka kuma kasa kunne: ƙarar tana farawa da kaushi, sannan ta koma kamar ana jan tabarma a ɗaki na gaba.

Ni ma ina saurayi ƙidayar ja nake yi, ina ganin yawan wasi shi ne kaifi. Wata Juma'a a unguwar Aboabo na wasa aska har bakin ya yi ɗan zare, ban sani ba, ya karye a kan wani dattijo da ke shirin masallaci. Bai ce komai ba, amma na ga jini ɗis-ɗis a ƙeyarsa, na kuma kwana ban runtsa ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ware mini tsohuwar aska ɗaya, ya hana ni taɓa wata har wata shida. A kanta na fara gane da kunne. An ɗauki shekaru kafin yatsuna su riƙa jin lokacin da ƙarfe ya fara manne wa dutse kamar ana tsotso shi, wanda shi ne alamar a tsaya. Sauyawa daga wannan aska zuwa waccan kullum yana hana hannu koyon komai, saboda ba ka san wanne ne ya canza ba, kai ko ita.

Fatar da ake goga aska a kai kuma akasin dutse ce: baya ne yake gaba, baki yana bi. Ja ta ta miƙe sosai, in ta yi ciki za ta naɗe maka baki. Ja 40 zuwa 50 kafin kowane aski, kuma in kana yin haka za ka daɗe ba ka koma kan dutse ba.

Kada ka kai ta wurin masu injin wasi a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe. Su gwanaye ne a aikinsu, amma zafin injin yana kashe taurin ƙarfe siriri, da ka ga baki ya yi shuɗi to ya tafi. Daminar Kumasi kuma ka san ta, dare ɗaya tsatsa take buƙata. Bayan kowane mutum ka wanke, ka tsoma a maganin kashe ƙwayoyin cuta, don ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, sannan ka tsane ta, ka ɗiga mata mai kafin ta shiga zabira. Wanda ya ce reza sabuwa yake so, ba shi ba tare da musu ba.

Gobe ka zo bayan asuba, kafin mutane su fara taruwa. Taho da samfefa da alƙalamin nan. Za ka daidaita dutsen a gabana, ka kafa bakin da kanka, sannan ka yi mini gyaran fuska da ita.