Murjanina ya yi fari ta gefe ɗaya: zafi ne ko faɗan maƙwabta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Mabera, nan Sakkwato. Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 200, da murjani mai rai iri-iri da aka kawo mini daga Legas. Na ajiye Acropora mai rassa kusa da Galaxea kore, tsakaninsu bai wuce tsawon yatsa ba. Kwanan nan gefen Acropora da ke kallon Galaxea ya yi fari fat, naman ya zube, ɗaya gefen kuwa lafiya lau. Abokina ya ce zafin garinmu ne. Ni dai ban taɓa ganin sun taɓa juna ba. Sannan tun da na saka wani mai laushi, Sarcophyton, sauran suka rage buɗewa. Don Allah mi ke jawo wanga abu?

AMSA: Wa alaikumus salam. Abokinka yana da hujjar fara zargin zafi, don duk wanda ya ga Afrilu a Sakkwato, lokacin da ake haura digiri 40 a inuwa, ya san ba wasa ba ne ga halittar da ke son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. Sai dai abin da ka siffanta ba aikin zafi ba ne. Idan zafi ya kama murjani, korar ƙwayoyin gansakukar da ke zaune cikin namansa yake yi, waɗanda su ne ke ba shi launi da mafi yawan abincinsa. Sai ka ga ya koɗe ko'ina, amma naman na nan, kuma da wuya a ce shi kaɗai abin ya shafa a tankin. Naka kuwa gefe ɗaya ne, gefen da ke fuskantar maƙwabci, kuma ƙwarangwal ɗin ya fito tsirara. Wannan harbi ne, Galaxea ne ya yi shi.

Ba ka gani ba ne saboda da dare ake yi. Murjani dabba ce, ko da yake ido na ɗaukar ta kamar dutse ko tsiro, kuma jikinta cike yake da ƙwayoyin harbi masu dafi. A teku wurin zama mai haske shi ne abin da aka fi ƙaranci, kuma ba ta da ƙafar da za ta matsa. Saboda haka rikicin iyaka tsakanin murjani da murjani ya yi kama da na manoma biyu da gonakinsu suka haɗa kunya: kowa na son ƙara taku ɗaya. Galaxea na daga cikin masu fitar da wasu dogayen zaruruwa na musamman, sirara, masu tarin dafi a kan tsininsu. Ba don kamun abinci yake fitar da su ba. Da rana ba ka ganin komai, amma bayan an kashe fitila suna iya miƙewa santimita 15 zuwa 20, wani lokaci fiye, su bi kaɗawar ruwa suna lilo har su sami abin da za su ƙona. Tsawon yatsa ba tazara ba ce a wurinsa.

Ka gwada da kanka. Bayan isha'i, idan fitilar tankin ta yi kamar awa biyu a kashe, ka haska da tocila mai jan haske, ko ka rufe bakin tocilar da jar leda. Ka lura da inda zaruruwan suka nufa, domin famfon kaɗa ruwa ne ke zaɓar musu wanda za su harba. Murjanin da ke ɓangaren da ruwa ke nufa yana cikin haɗari ko da ya fi wanda ke ɗaya ɓangaren nisa.

Akwai masu wata dabarar da ta fi wannan muni. Hydnophora da Acanthastrea sukan fito da wasu fararen zaruruwa daga cikin cikinsu, su shimfiɗa su a kan maƙwabci, su narkar da namansa a nan inda yake, kafin gari ya waye an gama. Wata mai bincike, Judith Lang, ta yi nazarin wannan a tekun Jamaika, a 1973 ta nuna cewa akwai jerin wa ke cin wa, kuma sau da yawa masu saurin girma su ne ke shan kashi a hannun masu girma a hankali. Acropora ɗinka na cikin masu saurin girma marasa ƙarfin faɗa. A teku tserewa yake yi sama ya yi wa abokin gaba inuwa. A tankin lita 200 ina zai tsere?

Abin yi yau, ba gobe ba: ka ɗauke ɗaya daga cikinsu. Ni Galaxea zan matsar, in ba shi dutsensa shi kaɗai a kan yashi, a kusurwar da ruwa ke tura zaruruwansa wajen gilashi, da fili na aƙalla santimita 20 ta kowane gefe. Kuma ka auna da girman da za su yi nan da shekara, ba na yau ba. Reshen Acropora da ya mutu ba zai dawo ba idan gansakuka ta riga ta hau shi. Idan farin ya tsaya inda yake, ka bar shi. Idan ka ga yana ci gaba da hawa, ka yanke reshen da ɗan nisa cikin lafiyayyen nama.

Batun Sarcophyton daban ne, shi ba ya buƙatar taɓa kowa. Sinadarai yake saki cikin ruwa masu takura wa masu ƙwarangwal irin su Acropora, haka ma ɗan'uwansa Sinularia. Teku na wanke su, tanki kuwa tara su yake yi. Ka sa gawayin tace ruwa na tanki, wanda ake kira kabon, kana sauya shi kamar duk wata, kana kuma canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ko mako biyu. Gaskiyar magana, haɗa manyan masu laushi da Acropora a ƙaramin tanki ba abin da nake ba mutum shawara ba ne. Ana yi, amma da wahala. A nan yanayinmu na da hannu: ga hunturu da bazara ruwa na saurin ƙafewa, gishiri ya ƙaru, kuma idan aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, duk abin da aka saki sai ya kwanta a kan maƙwabci. Ka riƙa cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri, ba na rijiyar burtsatse kai tsaye ba, ma'aunin gishirinka ya tsaya kan 1.025, famfo ɗaya kuma ya kasance a kan batir ko sola. Murjanin da zafi ya riga ya galabaitar, rauni kaɗan ke ƙarasa shi.

Ba ka ambaci ko kana da Zoanthus ko Palythoa ba, waɗannan masu kama da ƙananan furanni da ke mamaye dutse. Idan akwai su, kafin ka fara jujjuya duwatsu ka sa safar hannu da gilashin kare ido. Wasu Palythoa na ɗauke da dafi mai suna falitoksin da ke kwantar da mutum a asibiti. Kada ka kankare su a wajen ruwa, kada kuma ka zuba wa dutsensu tafasasshen ruwa, domin tururin na iya kama duk wanda ke cikin ɗakin, har da yara.