Yadda Ake Auna Littafin Almara

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka yi wa littafin da aka ba ka sharhi, wanda shi ne na farko cikin jerin biyar da marubucin ya buga da kansa, kuma ka ce abin da ya ɗaure maka kai shi ne, tunda duniyar labarin ƙirƙirarriya ce mai cike da aljanu da matsafa da dodanni, ba ka ga inda za ka tsaya ka ce an yi kuskure ba. Ma'aunin yana cikin littafin, domin marubucin ne ya kafa wa duniyarsa dokoki, kuma da su za ka kama shi.

Ka ajiye takarda a gefenka tun daga shafin farko, ka riƙa rubuta kowace doka da ya shimfiɗa: wane ne ke iya sihiri, me yake biya kafin ya samu, kuma mene ne sihirin ba ya iyawa. Idan a babi na uku an ba tauraro layar zana, aka ce tana karyewa da zarar ruwa ya taɓa ta, sannan a babi na ashirin ya ninƙaya kogi a gaban dakarun sarki ba wanda ya gan shi, to marubucin ya ci amanar mai karatu, ko da kuwa babin ya yi daɗi. Abin da ya fi wannan muni shi ne a ƙure tauraro har ya rasa mafita, sai kwatsam wani ƙarfi da ba a taɓa ambata ba ya sauko ya cece shi. A 2007 marubuci Brandon Sanderson ya tsara wannan a matsayin ƙa'ida, cewa gwargwadon fahimtar da mai karatu ya yi wa sihirin labari, gwargwadon damar marubuci ke nan ta warware rikici da shi.

Bayan dokoki sai ka bi sawun abin da suka haifar. Marubucin almara ɗan Ingila J.R.R. Tolkien ya nuna a laccarsa ta 1939 a jami'ar St Andrews da ke Scotland cewa kowa na iya cewa rana koriya ce, wahalar tana wajen gina duniyar da koriyar rana za ta zauna daram a cikinta. Saboda haka idan layar zana tana hannun kowa a labarin, ka tambayi kanka yadda sarki ke tsare taskarsa da yadda alƙali ke karɓar shaida. Idan marubucin bai yi wannan tunanin ba, za ka tarar sihirin ado ne kawai da aka yafa wa labarin soyayya ko na yaƙi.

Game da buga littafi da kai, tun da kamfanin Amazon ya buɗe wa marubuta ƙofar Kindle, dandalinsa na littattafan da ake karantawa a na'ura, a 2007 littattafai da yawa ke fitowa ba tare da edita ya taɓa su ba, don haka ka raba laifi gida biyu. Kurakuran ƙa'idojin rubutu ka ambace su a jimla ɗaya ka wuce, tunda gyaransu aikin 'yan kwanaki ne. Raunin zubi da tsari shi ne ya cancanci tawadarka. Kada kuma kyan bango ko taswirar da ke shafin farko su ruɗe ka; ni kaina na taɓa yabon wani littafi saboda taswirarsa da baƙin sunayen garuruwansa, sai da na kai na biyu na gane ba kowa a garuruwan sai sunaye.

Da yake jeri ne, littafin farko yana da damar barin babban rikici a buɗe, amma wajibi ne ya kwance ƙullin da shi kansa ya ɗaura, kuma tauraro ya fita daga cikinsa da wani sauyi ko wata asara. Wanda ya yanke labari ana tsakiyar gumurzu domin a sayi na biyu, rabin kaya ya sayar a kuɗin cikakke, kuma ya kamata ka faɗa wa masu karatu haka a fili. Idan ka gama, ka kawo mini takardar dokokin tare da lambar shafin da aka kafa kowace da shafin da aka karya ta, mu duba tare kafin ka fara rubuta sharhin.